Yadda Ake Neman Bizar Kasuwanci Zuwa Ƙasar Sin

Ɗan kasuwar da ke sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari, ko wayoyi a Farm Centre, ko tayil da kayan famfo a Ƙofar Ruwa, ya san cewa kaso mai yawa na hajar da ke shagonsa daga ƙasar Sin ta fito. Idan jari ya ƙaru, ko ba daɗe ko ba jima sai ya ga ya kamata ya je da ƙafarsa ya ga masana'anta, ya taɓa kaya da hannunsa, ya yi ciniki ido da ido, maimakon ya ci gaba da dogaro da hotunan da ake turo masa ta waya. Bizar da aka tanada domin irin wannan tafiya ita ce mai harafin M, wadda hukumomin Sin suka ware wa masu zuwa harkar ciniki tun shekarar 2013. Ta bambanta da bizar L ta masu yawon buɗe ido, ta kuma bambanta da bizar Z ta wanda aka ɗauka aiki, saboda haka tun daga farko mutum ya nemi wadda ta dace da abin da zai kai shi.

Jami'in da zai yanke hukunci a kan buƙatarka bai taɓa taka kasuwarku ba, bai san girman shagonka ba, bai kuma san irin mutuncin da kake da shi a wurin abokan hulɗarka ba. Takardun da ke gabansa ne kaɗai za su yi magana a madadinka, kuma abin da yake nema a cikinsu amsar tambayoyi uku ce: ko da gaske kasuwanci kake yi, ko da gaske akwai wanda ke jiran zuwanka a can, da kuma ko za ka dawo gida idan kwanakin da aka ɗiba maka suka cika. Duk takardar da za ka saka a cikin fayil ɗinka, ka duba wacce daga cikin tambayoyin nan take amsawa, ka kuma tabbata ba ta ƙaryata 'yar'uwarta ba.

Da farko, tsayar da gari da lokaci

Ana fara shiri ne da tsayar da inda za a je da ranar da za a je, domin waɗannan biyun za su fito a takardar gayyata, su fito a fom, su kuma fito daga bakinka idan aka yi maka tambayoyi. Mai neman yadi yakan nufi Keqiao da ke Shaoxing a lardin Zhejiang, mai ƙananan kayan masarufi da na ado yakan nufi babbar kasuwar Yiwu a wannan lardin, mai wayoyi da kayan gyaransu yakan sauka a Huaqiangbei cikin birnin Shenzhen, mai tayil da kujeru kuwa Foshan ce garinsa. Guangzhou ita ce mashigar mafi yawan 'yan kasuwarmu, kuma a can ake gudanar da baje kolin Canton, wanda aka fara a shekarar 1957, ake kuma yin sa sau biyu a shekara, ɗaya daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, ɗayan daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. An kasa kowane zama zuwa zango uku na kwana biyar-biyar, kowane zango da irin hajarsa. Injuna da kayan lantarki a zangon farko suke, kayan gida da na gini a na biyu, tufafi da yadi da takalma da jakunkuna kuwa sai a na uku. Ɗan Kwarin da ya rubuta ranar isowarsa a makon farko, ya kuma rubuta cewa kwana bakwai kawai zai yi, ya nuna wa jami'i cewa bai san baje kolin da ya ce zai je ba.

A kula da ranakun hutun Sinawa. A lokacin sabuwar shekararsu ta gargajiya, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, masana'antu sukan rufe na makonni, ma'aikata su koma garuruwansu. Haka kuma akwai hutun mako guda da ke farawa ranar 1 ga Oktoba, dab da baje kolin kaka, kuma ofishin jakadancin Sin da ke Najeriya yakan rufe a manyan ranakun hutun Sin da na Najeriya. Shawarata ita ce a fara tattara takardu wata biyu kafin tafiya, a miƙa su kimanin wata guda kafin ranar tashi. Gaggawar miƙawa da wuri fiye da kima ma tana da nata lahani, domin bizar shiga sau ɗaya galibi wata uku ake ba ta, idan ba a shiga ƙasar a cikinsu ba ta mutu.

Fasfo

Dole ne fasfonka ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare, kuma da shafukan biza biyu da ba a buga komai a kansu ba. Idan ya kusa ƙarewa, ka fara sabunta shi a ofishin Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa kafin ka nemi gayyata, saboda lambar fasfon za ta shiga cikin takardar gayyatar, kuma sabon fasfo sabuwar lamba yake zuwa da ita. Wanda ke sa ran yawan tafiya ya fi dacewa ya karɓi mai shafi 64 na shekara goma a kan mai shafi 32 na shekara biyar. Kada ka yar da tsohon fasfo. Idan akwai tsohuwar bizar Sin a cikinsa, ko hatimin shiga da fita na Saudiyya ko Dubai ko Turkiyya, wannan shaida ce cewa ka saba tafiya kana dawowa a kan lokaci. Ɗan Nijar da ke kasuwanci a Kano zai nemi tasa bizar a ofishin jakadancin Sin da ke Yamai, sai fa idan yana da takardar izinin zama a Najeriya da zai haɗa da fasfonsa.

Takardar gayyata

A nan ne mafi yawan buƙatu suke tsira ko su lalace, don haka ya kamata a ba wannan mataki lokacinsa. Hanyoyin samun gayyata ta gaskiya biyu ne. Ta farko ita ce kamfanin da kake sayen kaya a hannunsa, ko wanda kuka fara tattaunawar ciniki da shi, ya rubuto maka. Ta biyu ita ce ka yi rajista a matsayin mai saye a shafin intanet na baje kolin da za ka halarta, ka nemi takardar gayyatarsu ta nan. Wanda bai taɓa zuwa ba, kuma bai da tsayayyen abokin ciniki a can, hanya ta biyu ta fi masa sauƙi, amma duk da haka sai ya nuna da sauran takardunsa cewa hajar da ake baje kolinta ita ce sana'arsa.

Takardar da kamfani zai rubuto dole ta ƙunshi abubuwa rukuni uku. Akwai bayaninka: cikakken suna kamar yadda yake a fasfo, jinsi, ranar haihuwa da lambar fasfo. Akwai bayanin ziyarar: dalilinta, ranar isowa da ranar tashi, garuruwan da za a je, irin alaƙar da ke tsakaninka da mai gayyata, da kuma wanda zai ɗauki nauyin kuɗin tafiya da masauki. Sai bayanin mai gayyata: sunan kamfani, adireshinsa, lambar wayarsa, hatiminsa, da sa hannun wakilinsa na doka. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, ka mayar masa ya gyara kafin ka ɗauki takardar zuwa Abuja.

Batun suna yana buƙatar natsuwa ta musamman a wurinmu. Abokin cinikinka na Sin ya san ka ne da sunan da ake kiranka da shi a kasuwa, ko wanda ka saka a WeChat, manhajar aika saƙo ta Sinawa, kuma sau da yawa akwai Alhaji ko Hajiya a gabansa, alhali ba haka fasfo ya rubuta ba. Sunan Muhammad kaɗai ana rubuta shi ta hanyoyi da dama, wani Mohammed, wani Muhammadu, wani Muhammed, kuma a wurin jami'in biza waɗannan sunaye ne daban-daban. Wasu kuma sunan garinsu ne a gurbin sunan iyali a fasfo, amma a takardar banki sunan mahaifi ne. Ka ɗauki hoton shafin farko na fasfonka ka tura wa mai gayyata, ka ce ya kwafa harafi bayan harafi, sannan idan takardar ta iso ka ɗora ta kusa da fasfon ka bi kowane harafi da kowace lamba da yatsa.

Ka nemi mai gayyata ya haɗo maka kwafin lasisin kasuwancin kamfaninsa. Kowane kamfani mai rajista a Sin yana da lamba ta musamman mai gurabe 18 a kan wannan lasisi, kuma hatiminsa jan tawada ne, galibi mai zagaye, da sunan kamfanin a rubutun Sinanci kewaye da shi. Ko ba ka iya karanta rubutun ba, idonka zai iya kwatanta zanen haruffan da ke kan hatimin da waɗanda ke kan lasisin, ka ga ko sun zo ɗaya. Idan suka saɓa, ko mai gayyata ya riƙa kwana-kwana a kan turo lasisin, to akwai dalilin dakatawa, ba don biza kaɗai ba, har don kuɗin kayan da kake shirin tura masa. A wasu lokuta ofishin jakadanci yakan buƙaci a haɗo da takardar tantance gayyata, wadda kamfanin ne ke nemo ta daga ofishin harkokin waje na gwamnatin garinsu ko lardinsu. Kai ba za ka iya samo ta daga nan ba, kuma takan ɗauki lokaci, don haka ka duba jerin sharuɗɗan da ke shafin cibiyar karɓar takardun bizar Sin a makon da ka fara shiri, ka sanar da mai gayyata tun da wuri.

Akwai masu sayar da takardar gayyata, kuma kowa a kasuwa ya san da su. Ina ganin sayenta shi ne babban kuskuren da sabon matafiyi zai iya yi. Ofishin jakadanci yana iya kiran lambar wayar da ke kan takardar ya tambayi kamfanin ko ya san ka, kuma kamfanin da bai taɓa jin sunanka ba ba zai tsaya maka ba. Idan aka gano takarda ta jabu ce, a kan sunanka da lambar fasfonka da zanen yatsunka laifin zai zauna, shi kuwa wanda ya sayar maka ya riga ya karɓi kuɗinsa. Ba laifi ba ne ka ɗauki ejan mai rajista ya taya ka cike fom ko ya tsara maka takardu, muddin takardun naka ne na gaskiya, kuma ka karanta duk abin da aka rubuta da sunanka kafin ka sa hannu. Wanda ya ce maka yana da hanya a ciki, ko ya yi maka alkawarin biza tabbas, ƙarya yake yi, domin jami'in jakadanci ne kaɗai ke da ikon bayarwa ko hanawa.

Takardun da ke nuna kai ɗan kasuwa ne

Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu suna juya miliyoyi amma ba su da takarda ko ɗaya da ta nuna haka, saboda cinikin amana ne da kuɗi hannu. A gaban jami'in biza wannan rauni ne, kuma ba a gyara shi a mako guda. Abu na farko shi ne rajistar kasuwanci da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC, ko da ta sunan kasuwanci ce kawai ba ta cikakken kamfani ba. Na biyu shi ne wasiƙa a kan takarda mai tambarin kasuwancinka, zuwa ga sashen biza na ofishin jakadancin Sin, wadda za ta bayyana ko kai wane ne a kamfanin, abin da kuke sayarwa, dalilin tafiyar, ranakunta, da wanda zai biya kuɗinta. Idan yaron shago ko manaja ne za a tura, maigidan ne zai sa hannu, ya faɗi matsayin wanda aka tura, ya kuma tabbatar da cewa zai dawo bakin aikinsa. Shafi ɗaya ya isa.

Na uku shi ne takardar shige da ficen kuɗi ta asusun banki, wadda aka fi neman ta watanni shida na baya, da hatimin banki da sa hannun jami'insa. Abin da ake dubawa a cikinta shi ne motsin kasuwa: kuɗi na shiga, kuɗi na fita, wata bayan wata. Asusun da ya yi wata biyar kwance babu komai, sai kwatsam aka zuba masa miliyoyi mako guda kafin neman biza, kowane jami'i ya san aro aka yi, kuma hakan ya fi ƙaramin asusu mai motsi muni. Wanda ke da niyyar tafiya baɗi ya fara shigar da cinikinsa ta asusun kamfaninsa tun bana.

Bayan waɗannan, duk abin da zai ƙarfafa alaƙarka da mai gayyata yana da amfani: takardar shaidar biyan haraji, rasit na kayan da ka taɓa saya a hannunsa, takardar lodin kwantena, ko katin zama ɗan ƙungiyar 'yan kasuwa irin su KACCIMA ta Kano. A zaɓi masu ƙarfi kaɗan a jera su da tsari, maimakon a tara tulin takardun da ba su da alaƙa da tafiyar.

Hoto da fom

Hoton bizar Sin yana da ma'auninsa: tsawo milimita 48, faɗi milimita 33, mai launi, bango fari fat, kuma wanda aka ɗauka a cikin wata shida na baya. Namiji zai cire hula, ya fuskanci kyamara kai tsaye, ido buɗe, baki rufe. Ya fi kyau a sa tufa mai duhu, domin farar shadda tana sajewa da farin bango har kafaɗa ta ɓace. Mace za ta iya barin hijabinta saboda addini, da sharaɗin fuskarta ta fito sarai daga goshi zuwa haɓa, babu inuwa. Ka gaya wa mai hoto kada ya goge fuska ko ya ƙara mata haske da kwamfuta kamar yadda ake yi wa hoton biki. Ka karɓi bugagge, ka kuma karɓi wanda za a ɗora a intanet, saboda fom ɗin yana tantance hoto da kansa kuma yakan ƙi wanda bai cika ƙa'ida ba.

Ana cike fom ɗin ne a intanet, ta shafin da ofishin jakadanci ko cibiyar karɓar takardun bizar Sin ta nuna, ba ta wani shafin da aka turo maka a WhatsApp ba. A zaɓi wurin da za a miƙa takardu daidai: Sin tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, kuma mazauna jihohin Arewa Abuja suke nufa. Fom ɗin yana da tsawo. Zai tambayi aikinka da adireshinsa, iliminka, sunayen iyaye da mata ko miji da 'ya'ya, ƙasashen da ka ziyarta a baya-bayan nan, masaukinka a Sin, sunan mai gayyata da lambarsa, da kuma ko an taɓa hana ka biza ko an taɓa korar ka daga wata ƙasa. Ka ajiye fasfo da takardar gayyata a gabanka lokacin cikewa, ka kwafi ranaku da adireshi daga cikinsu, kada ka dogara da abin da ka haddace. Tambayar ko an taɓa hana ka biza, ka amsa ta da gaskiya. Hanawar da ta wuce ba ta rufe ƙofa, amma ɓoye ta yana iya rufewa, tunda bayananka na baya suna hannunsu. Idan wani ne ya cike maka, akwai gurbin da ake bayyana haka, kuma duk da haka alhakin abin da ke ciki yana wuyanka. Bayan kammalawa, ka buga shafukan da aka ce a buga, ka sa hannu irin wanda ke cikin fasfonka, ka bi umarnin da shafin ya bayar game da ɗora takardu da ranar kai fasfo.

Ranar miƙawa

Ka je da kanka, da fasfo na asali, da kwafin shafin bayanansa, da takardun asali tare da kwafinsu. Ka shirya za a iya ɗaukar zanen yatsunka goma. Wanda ya ji rauni a yatsa ya jira ya warke, kuma mata su guji ƙunshi mai kauri a tafin yatsu dab da ranar. Kuɗin da za a biya kashi biyu ne, na biza da na hidimar cibiya, kuma yawansa ya danganta da adadin shigar da ka nema da kuma ko ta gaggawa ce. Ka biya abin da aka rubuta a jadawalin cibiyar kawai, ka karɓi rasit, ka adana takardar karɓar fasfo da za a ba ka.

Ana iya kiranka ganawa da jami'i. Tambayoyin ba su da wuya ga wanda tafiyarsa ta gaskiya ce: me kake sayarwa, a ina shagonka yake, yaya kuka haɗu da wannan kamfani, me za ka saya, kwana nawa za ka yi, a ina za ka sauka. Ka amsa a taƙaice, daidai da abin da ke cikin takardunka. Ka haddace sunan kamfanin da garinsa, ka san irin kayan da yake ƙerawa, domin abin kunya ne mutum ya ce kamfani ya gayyace shi amma ya kasa faɗin abin da kamfanin ke yi. Idan ba ka fahimci tambaya ba, ka nemi a maimaita.

Ƙa'idar da aka saba ita ce kwanakin aiki huɗu kafin a dawo maka da fasfo, amma idan aka buƙaci ƙarin takarda ko aka tsaya tantance mai gayyata, yana iya wuce haka nesa. Saboda haka kada ka yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin fasfo ya dawo hannunka da biza a ciki. Idan aka hana, dokar Sin ba ta wajabta wa jami'i ya faɗi dalili ba, kuma kuɗin hidima ba ya dawowa. Sake miƙa takardun nan dai washegari ba zai sauya komai ba. Ka zauna ka duba inda raunin yake, ko a gayyata ne, ko a asusun banki, ko a saɓanin suna da ranaku, ka gyara shi sannan ka sake nema.

Karanta bizar kafin ka bar wurin

Da zarar an miƙo maka fasfo, ka buɗe shafin bizar a nan take ka duba sunanka, ranar haihuwa, lambar fasfo da harafin M. Sannan ka duba gurabe uku da mutane ke yawan rikitawa. Akwai ranar ƙarshe da za ka iya shiga ƙasar. Akwai adadin shiga, ko sau ɗaya, ko sau biyu, ko sau da yawa. Akwai kuma adadin kwanakin da za ka iya yi a kowace shiga, wanda sau da yawa kwana 30 ne ko ƙasa da haka. Bizar da ke da wata uku kafin ta mutu ba ta nufin za ka zauna wata uku. Kwanakin zama su ne iyakarka, kuma jami'i yana iya ba ka ƙasa da abin da ka nema.

Hong Kong da Macau suna da nasu tsarin shige da fice. Idan ka tsallaka daga Shenzhen zuwa Hong Kong, a lissafin hukuma ka fita, kuma mai bizar shiga sau ɗaya ba zai iya komawa Guangzhou da ita ba ko da kayansa na otal. Ban da haka, mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Hong Kong daban.

Kafin tashi da bayan sauka

Ka tanadi katin rigakafin cutar shawara mai launin ɗorawa daga ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa. Katin yana fara aiki ne kwana goma bayan allurar, kuma tun shekarar 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Abuja, akasari ana yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha kafin a isa Guangzhou. Ka riƙe kwafin takardar gayyata, adireshin otal da tikitin dawowa a jakar hannu, domin jami'in shige da fice a filin jirgi yana da ikon yi maka tambayoyi ko da bizarka lafiya take. Tsabar kuɗin da ya wuce dala 10,000 sai an bayyana shi ga kwastam na Najeriya lokacin fita, a Sin kuwa ana bayyana kuɗin waje da ya wuce kwatankwacin dala 5,000 lokacin shiga. Kada ka karɓi saƙon kowa da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, komai kusancinku, domin hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Sin yana kaiwa har ga kisa.

Dokar Sin ta wajabta wa baƙo yin rajistar masauki cikin sa'o'i 24 da isowa. Otal ɗin da ke karɓar baƙin waje shi ne zai yi maka da fasfonka a wurin karɓar baƙi. Idan kuwa a gidan ɗan'uwa ko aboki ka sauka, kamar yadda wasu ke yi a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli na Guangzhou, to kai da mai masaukin ne za ku je ofishin 'yan sanda na unguwar ku yi rajistar, ka kuma adana takardar da za a ba ka. Bizar M ta ba ka damar ziyartar masana'anta, ciniki, ƙulla yarjejeniya da duba lodin kaya, amma ba ta ba ka damar karɓar aiki ana biyanka ba, kuma tarar yin haka tana tsakanin yuan 5,000 da 20,000 na kuɗin Sin, wani lokaci har da tsarewa.

Sau da yawa masana'anta takan jinkirta kaya, ɗan kasuwa ya ga kwanakinsa na ƙarewa alhali kwantena ba ta cika ba. Idan haka ta faru, ka je ofishin shige da fice na hukumar 'yan sandan birnin aƙalla kwana bakwai kafin wa'adinka ya cika, da fasfo, da takardar rajistar masauki, da wasiƙar kamfanin da ke bayyana dalilin jinkirin, ka nemi ƙarin kwanaki. Ƙarin ba tilas ba ne a kansu, kuma jimillarsa ba za ta wuce adadin kwanakin da aka ba ka da farko ba. Idan ba a amince ba, ka bar wa amintaccen wakilin jigila ragowar aikin ka kama hanya. Wanda ya zarce wa'adi ana cin sa tarar yuan 500 a kowace rana har zuwa yuan 10,000, ko a tsare shi daga kwana 5 zuwa 15, kuma idan aka tasa ƙeyarsa zuwa gida ana iya hana shi shiga ƙasar daga shekara ɗaya zuwa biyar.